Kakuri: Tarihin masaƙun Kaduna na bakin tsofaffin ma'aikata da matansu

Duk wanda ya ratsa Kakuri a kudancin Kaduna zai ga dogayen katangu da ƙofofi a garƙame. A nan ne masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo sahu, dubban mutane suka yi ta kwarara zuwa Kakuri da Makera da Nasarawa neman aiki.

KTL ta daina aiki a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama. Da yawa sun rasu kuɗin bai shiga hannunsu ba.

Takardun kamfani na iya faɗin yawan yadin da aka saƙa. Amma yadda magidanci ya ji ranar da ya tarar da ƙofa a rufe, ko yadda uwargida ta koma ƙananan sana'o'i don biyan kuɗin makarantar yara, wannan sai a bakin masu shi.

Nan ne wasu masu bincike suka sa gaba. Farfesa Elisha Renne ta Jami'ar Michigan a Amurka da Farfesa Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa nazari kan masaƙun Kaduna a 2013. Daga baya Renne ta rubuta littafin Death and the Textile Industry in Nigeria, inda ta tattauna da matan ma'aikatan KTL da mazajensu suka rasu. Ta kuma yi amfani da jerin sunayen mamata da gamayyar tsofaffin ma'aikatan da ba a biya ba ta riƙa tarawa. An fara jerin ne don neman haƙƙi, sai ga shi ya zama kundin tarihi.

Wannan hanya tana da asali a ƙasar Hausa. Tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta da hannu. Littafin Baba of Karo ya fito a 1954, har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Yau aikin ya fi sauƙi, domin wayar da ke aljihun matashi ta isa naɗar murya. Jika na iya ajiye wa kakansa tsohon katin aiki ko hoto ko ƙyallen atamfa, ya bar shi ya yi bayani. Ana iya zagayawa da dattijo bakin masaƙar, yana nuna inda ake sayar da abinci da inda ƙungiyar ƙwadago ke taro. A wannan fage ne Adams Oshiomhole ya taso, daga Arewa Textiles har ya shugabanci NLC.

Sai dai akwai ƙa'ida. A nemi izinin mai magana kafin a tura muryarsa a WhatsApp ko Facebook. A faɗi sunansa da rana da wuri a farkon naɗi, a bar shi ya yi magana da yaren da ya fi sakewa da shi. A kuma ajiye kwafi a wani wurin, don waya na ɓacewa. Gidan Arewa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, duk suna cikin garin Kaduna, kuma wurare ne da ya kamata a tuntuɓa.

Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, Musulmi da yawa sun koma arewacin kogi, Kirista kuma kudu. Matasa da dama ba su taɓa ganin lokacin da Bahaushe da Batibi da Bajju ke aiki kan inji ɗaya ba. Waɗanda suka shiga KTL suna samari a 1957 yanzu sun haura tamanin. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida, ya yi caji, ya zauna da shi tun yana iya ba da labari.