Dala, Jaka da Waƙafi: Darasin Tsara Manhaja Daga Kan Iyakar Bagudo

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa malamai da 'yan'uwa ɗalibai abubuwa biyu da mai koyon tsara manhajar kwamfuta yakan fara cin karo da su, watau rubuta fankishin da kuma tace gurɓatattun bayanai. Za a ɗauko misalai daga Bagudo ta Jihar Kebbi, ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, inda naira da sefa suke cuɗanya a hannun fatake.

Ma'anar Fankishin

Fankishin wani ƙunshin umarni ne da ake laƙaba wa suna, a ɗora masa aiki guda. Ya yi kama da injin casa: a zuba shanshera ta sama, shinkafa ta fito ta ƙasa. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, da kalmar "def" ake buɗe shi. Alal misali, ɗan canji a Tsamiya zai so fankishin da zai karɓi adadin sefa da farashin ranar, ya faɗi nawa ne a naira. Da zarar an rubuta shi, sai dai a riƙa kiran sunansa, kuma in gyara ya taso, wuri guda za a taɓa.

Ire-iren Gurɓatattun Bayanai

Sai dai injin ba ya bambance hatsi da tsakuwa. Ana iya karkasa tsakuwar gida biyu.

Kashi na farko shi ne wanda kwamfuta take ƙi a fili, kamar a bar gurbin adadi fanko, ko a rubuta "ɗari biyar" inda ake jiran 500. Nan take Python yakan tsaya cak. Maganinsa kalmomin "try" da "except", waɗanda suke tare kuskuren, su ba da damar a nemi mai shigarwa ya sake.

Kashi na biyu ya fi haɗari, domin shiru ake karɓarsa. Mai rubutu a tsarin Faransanci, kamar ɗan kasuwar Segbana ta Benin, yana iya rubuta 1.500 da nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, ya ajiye waƙafi don guntun lamba. Python zai karanta wannan a matsayin ɗaya da rabi, ya ci gaba da lissafi. Ke nan an mayar da kuɗin mutum kashi ɗaya cikin dubu ba tare da wani gargaɗi ba.

Haka kuma kalmomin ƙidayarmu. A bakin Hausawan ƙasashen sefa, dala ita ce sefa 5, jaka kuwa dala 200, watau sefa 1,000. A Nijeriya jaka fam 100 ce, wadda ta koma naira 200 da canjin kuɗi na 1973. Wanda ya shigar da "jaka 3" bai gama magana ba sai ya faɗi jakar wace ƙasa.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙananan masu koyo ne kurum. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja ta ba da lissafi a ma'aunin Ingilishi, wadda ta karɓa kuwa tana zaton na mita ne.

Matakan Rigakafi

Wajibi ne a ware fankishin na musamman ya tsaya bakin ƙofa, ya binciki kowane bayani kafin lissafi ya soma. Ya tambayi irin kuɗin da tsarin rubutun, ya ƙi adadin da ya saɓa wa hankali, kamar farashin sifiri. In ya yi shakka, kada ya yi kintace. Ya dakata, ya faɗi dalili cikin Hausar da ɗan kasuwa zai gane, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kammalawa

A taƙaice, kwamfuta ta san lamba, amma ba ta san abin da mutumin Lolo ko Ka'oje yake nufi da ita ba. Wannan sani yana hannun mai nazarin harshe. Saboda haka ya kamata mu ɗaliban Hausa mu tattara kalmomin awo da ƙidaya na kasuwanninmu, tare da ma'anarsu a kowane yanki, domin masu tsara manhaja su sami madogara.