Bayani A Kan Iskar Da Gonaki Ke Fitarwa

Bayan haka, mai karatu ya sani iskar nan da ake kira kabon, wadda ke tashi daga ƙona kwal da man fetur, tana ta yawaita a sararin sama. Kafin zamanin injuna awonta kashi 280 ne cikin miliyan. A 1958, sa'ad da Charles Keeling ya soma auna ta bisa dutsen Mauna Loa a Amurka, ta kai wajen 315. A 2024 ta haura 420.

Da fari masana sun yi zaton riba, domin kabon abincin tsiro ce: in ta yawaita, shuka za ta ƙara zuƙe ta, ta ajiye cikin ƙasa. Amma ɗan kasuwa ba ya ƙirga riba sai ya fitar da kuɗin mota da la'ada.

Ga yadda al'amarin yake. Shuka in ta ƙoshi da kabon, sai ta tsuke ƙananan ƙofofin ganyenta, ta rage shan ruwa, ƙasa ta riƙe laima. Saiwoyinta kuma su yawaita, su ciyar da ƙananan halittun ƙasa waɗanda ido ba ya gani. A gonar tudu, halittun nan suna juya sinadarin taki ya zama iskar naitiros, wadda ta fi kabon riƙe zafi sau 273 cikin shekara 100. A fadamar shinkafa kuwa, inda ruwa ke kwance, iskar mitan suke fitarwa.

A 2011 Van Groenigen da abokansa biyu suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka tarar ƙarin kabon ya ƙara naitiros na ƙasar tudu da kusan kashi 19 cikin 100, mitan na gonakin shinkafa da kashi 43. Ashe ƙasa tana zaftare wani rabo daga ribar da aka zata.

Wannan ya shafi manoman shinkafa na Kadawa da Argungu da masu fataucin taki. Maganinsa biyu ne. Na ɗaya, a bar watsa yuriya gaba ɗaya. A raba ta kashi-kashi, a binne kusa da gindin shuka. Na biyu, a riƙa janye ruwan shinkafa lokaci-lokaci har ƙasa ta sha iska, sa'an nan a mayar. Mai yin haka ya rage iskar, ya kuma tsimi takinsa da man injin ban-ruwa.

Iyakar bayani ke nan. Wassalam.