Ciwon Suga na Masu Juna Biyu: Likita Ya Faɗa, Amma Wa Ke da Tukunya?

Tsakanin mako na 24 da na 28 na ciki ne aka fi gano shi. A asibiti za a ba mace ruwa mai gram 75 na suga ta sha ba ta karya ba, a riƙa ɗibar jininta. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan sugan jininta ya kai 5.1 kafin ta sha, ko 8.5 bayan awa biyu, to ciwon ya tabbata. Sanadinsa kuwa mabiyiya ce: sinadaran da take fitarwa suna rage ƙarfin insulin, sai suga ya taru a jini, ya tsallaka wurin jariri. Nan ne ɗa ke yin girman da ya wuce kima, haihuwa ta yi wuya, wani lokaci sai an yi aiki.

Daga nan sai a ce mata, “Hajiya, a rage tuwo, a bar zaƙi.” Faɗar ba wuya. Amma a gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, cefane kuma a hannun maigida yake. Abin da kuɗinsa suka fi kaiwa shi ne masara, shinkafa, taliya da garin rogo, waɗanda duk suke komawa suga a jiki. Ƙwai, kifi da nama, da ba sa tayar da suga, su ne masu tsada. Matar da ke zaune da uwar miji kuwa, ta ina za ta fara cewa a yi mata girki daban? Za ta ji, “Mu da muka haifi goma da kunu, me ya same mu? Ci, ’yata, ba ke kaɗai ba ce yanzu.” Tsohuwar ba da mugunta take faɗa ba, ita dai ba wanda ya yi mata bayani.

Karin kumallo ya fi komai wahala. Da safe jikin mai ciki ya fi yi wa insulin gardama, mu kuma da safe muke shan koko, ko shayi da burodi. Koko an tace shi, dusar ta tafi, ga shi ruwa-ruwa, nan da nan ya shiga jini. Ƙosai ko alale da ɗan koko kaɗan ba suga ya fi kofi cike. Zuma da dabino ma, duk da darajarsu a wurinmu, suga ne. Haka alkama da acca da ake ta yabo: sun ɗan fi farar shinkafa, amma malmala uku ta tuwon alkama ba magani ba ce.

Akwai kuma masu zarce gona da iri, tsoro ya sa su daina cin hatsi gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, domin masana sun ce mai ciki na bukatar aƙalla gram 175 na sinadarin sitaci da suga (carbohydrate) a rana. Abin da ake so shi ne a rarraba: cin abinci sau uku ƙanana, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gyaɗa, awara ko kindirmo. A yawaita miyar kuɓewa, zogale da wake, a rage malmala, a ɗan taka na minti goma zuwa sha biyar bayan an ci. Batun azumi kuwa, a tuntuɓi likita tun kafin watan ya kama, musamman mai shan magani.

A ganina, babban gibin yana wurin masu ba da shawarar. Ana yi wa mace bayani ita kaɗai a ranar awo, cikin cunkoso, alhali mai sayen abincin yana kasuwa. Ya kamata a kira shi ya ji da kunnensa, shi ne ma zai sayi na'urar gwaji da tsinkayenta. Idan kuma an kiyaye abinci suga bai sauka ba, aka ce a fara insulin ko metformin, ba gazawarta ba ce.

Galibi ciwon yakan tafi bayan haihuwa, amma yana barin haɗarin ciwon suga na dindindin. Don haka ake so a sake gwaji tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan an sauka, daidai lokacin da kowa hankalinsa ke kan jariri.