Ƙugiya mai kan dalma: Yadda Amurkawa ke kamun kifin walleye

Daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu, idan hunturu ya fara sassautawa a jihar Ohio ta Amurka, ɗaruruwan mutane kan jeru a cikin Kogin Maumee, ruwa iya ƙugu, kowa sanye da dogon wandon roba mai kai wa ƙirji, riƙe da sandar fatsa. Tun fitowar rana suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a cikin ruwan da sanyinsa ke ratsa ƙashi. Abin da ya tara su shi ne kifin da ake kira walleye, wanda a wannan lokaci yake baro Tafkin Erie ya hauro kogin domin ya zuba ƙwai a kan tsakuwa. Kusan dukkansu makami iri ɗaya suka dogara da shi, wata 'yar ƙugiya mai dunƙulen kai da suke kira jig.

Walleye kifin ruwan daɗi ne na Amurka da Kanada, mai launin ruwan zinare da ratsin kore, namansa fari ne mai laushi. Jihar Minnesota ta ayyana shi a matsayin kifin jiha tun 1965. Galibin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba, amma wanda aka rubuta a matsayin mafi girma ya kai fam 25, wato kimanin kilo 11, an kuwa kama shi ne a 1960 a Tafkin Old Hickory da ke jihar Tennessee.

Duk dabarun kama shi daga idonsa suka samo asali. A bayan ƙwayar idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Wannan ya ba shi damar gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake ci, ya kuma sa ba ya son hasken rana mai ƙarfi. Da rana yakan lafe a ƙasan ruwa kusa da duwatsu, sai da asuba ko almuru, ko ranar da hadari ya rufe sama iska na kaɗa ruwa, yake tasowa kiwo. Mai son kama shi dole ya kai masa abinci har ƙasa, ya kuma riƙe shi a can.

Aikin jig ke nan. Ƙugiya ce guda ɗaya da aka zuba wa narkakkiyar dalma a wuya, aka shafa wa fenti, sannan aka maƙala mata ƙaramin kifi, ko tana, ko matsattsaku, ko wata 'yar roba mai siffar ɗayansu. Ba ta da tsada, ba ta kuma motsi da kanta. Hannun mai fatsa ne ke ba ta rai. Yakan sake ta ta nutse har ta taɓa ƙasa, ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ya bar ta ta koma a hankali. Mafi yawan lokuta a wannan komawar ce kifin ke ɗauka, kuma ba fizga yake yi ba. Zuƙo ta yake yi tare da ruwa, sai mai sanda ya ji wani ɗan taɓi, ko ya ji zaren ya yi nauyi kaɗan. Wanda ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ya ɗaga sanda, sai ya tarar kifin ya tofar.

A nan ne batun nauyi ya zama ginshiƙi. Ana sayar da waɗannan ƙugiyoyi daga mai nauyin kusan giram biyu zuwa mai giram 28. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke koya wa sababbin shiga ita ce a ɗauki mafi sauƙin nauyin da zai iya kaiwa ƙasa, kuma a kimance sukan lissafa giram uku da rabi ga kowane zurfin mita uku, idan ruwa a kwance yake. In ta yi nauyi da yawa, kifin ba zai iya zuƙo ta cikin baki ba, ga yawan maƙalewa a duwatsu. In ta yi sauƙi da yawa, ruwa zai kwashe ta ta yi ta yawo a sama da kifin, mai ita yana zaton yana fatsa alhali wanka kawai yake yi wa ƙugiya. Iska da gudun ruwa su ke tilasta ƙarin nauyi.

Kogin Detroit, wanda ya raba jihar Michigan da lardin Ontario na Kanada, shi ne makarantar wannan darasi. A watan Afrilu jiragen masu fatsa kan cika shi, kuma saboda ƙarfin ruwan sukan yi amfani da masu nauyin giram 14 zuwa 28. Gwanintar a can ta tuƙi ce: ana amfani da ƙaramin injin lantarki a daidaita tafiyar jirgi da gudun ruwa, yadda zaren zai tsaya a miƙe sambal daga bakin sanda zuwa ƙasa. Da zarar zaren ya karkata, ƙugiya ta tashi daga inda kifi yake. Wasu kan ƙara wata 'yar ƙugiya mai baki uku a bayan babbar, saboda a ruwan sanyi kifin kan ciji wutsiyar robar kawai ya saki.

A Kogin Maumee kuwa doka ta hana wannan ƙari. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu, a wuraren da kifin ke zuba ƙwai, ƙugiya mai baki ɗaya kaɗai aka yarda da ita, ba a fatsa da dare, kuma duk kifin da ƙugiya ta soka a jiki ba a baki ba sai a mayar da shi ruwa. Wannan ya sa masu fatsa a can suka rungumi wata irin jig mai kan soso wadda ba ta nutsewa. Sukan ɗaura dalma dabam a gaba, su bar zare kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, sai dalmar ta riƙa birgima a ƙasa, ƙugiyar na lilo a daidai bakin kifi.

Sauran kayan aiki ba su da yawan magana. Sanda mai tsawon kusan mita biyu, marar nauyi, mai saurin lanƙwasa a baki, da siririn zare. Da yawa sun koma zaren saƙa wanda ba ya talewa, domin yana isar da ɗan taɓin nan zuwa hannu, sai su ɗaura masa guntun zare garai-garai a ƙarshe don kada kifi ya gani. Ƙaramin kifi ya fi ci a ruwan sanyi na farkon shekara, tana da matsattsaku kuma idan ruwa ya yi ɗumi. Launi shi ne abin da aka fi yin gardama a kai a shaguna, ana cewa mai haske kamar ruwan lemo a ruwa mai laka, marar haske a ruwa mai tsabta, amma bai kai nauyi da zurfi muhimmanci ba, ko da yake shi ya fi cinye kuɗin masu saye.

Dalmar kanta ta zama abin muhawara. Akwai wani tsuntsun ruwa mai nutso da ake kira loon, wanda yakan haɗiye tsakuwa domin niƙa abinci a ƙundunsa. Idan ya haɗiye ƙugiyar da ta tsinke, ko kifin da ke ɗauke da ita, gubar dalma kan kashe shi cikin 'yan makonni. Kanada ta haramta amfani da irin wannan dalma mai ƙasa da giram 50 a gandayen shaƙatawa na ƙasa tun 1997, jihar New Hampshire kuma ta hana sayarwa da amfani da jig ɗin dalma mai giram 28 zuwa ƙasa daga 2016. Minnesota, wadda loon ne tsuntsun jiharta, walleye kuma kifin jiharta, ta fi karkata ga wayar da kai da rarraba samfurin ƙugiyoyin kuza da na ƙarfen tangistin. Tangistin ya fi dalma nauyi ƙwarai, don haka ƙaraminsa kan nutse da sauri, sai dai kuɗinsa ya ninka, kuma wanda ke asarar ƙugiya goma a duwatsu a yini ɗaya yana jin bambancin a aljihu.

Akwai kuma waɗanda suka kai dalma inda ba wurinta ba. A ranar 30 ga Satumban 2022, a wata gasar kamun walleye a birnin Cleveland, shugaban gasar Jason Fischer ya yi shakkar nauyin kifaye biyar da Jacob Runyan da Chase Cominsky suka kawo. Da aka farke cikinsu a gaban jama'a sai ga dunƙulen dalma guda goma, nauyinsu ya haura kilo uku, haɗe da yankakken naman kifi. Kyautar da suke hari ta kai Dala 28,760. Sun amsa laifinsu, kuma a watan Mayun 2023 kotu ta ɗaure kowannensu kwana goma, ta ci su tara, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu na shekara uku.

Tsananin da ake yi bai rasa nasaba da tsarin da ke riƙe da wannan arziki. Kowace shekara wakilan Ontario, Michigan, Ohio, Pennsylvania da New York kan zauna su tsayar da adadin walleye da za a iya cirewa daga Tafkin Erie, kowa kuma ya koma gida ya tsara dokarsa. A Ohio, a 'yan shekarun nan, mutum ɗaya kifi shida yake da izinin ɗauka a rana, kowanne kada ya gaza inci 15. Kuɗin ƙidayar kifi da gyaran mashigar jirage kuwa daga aljihun masu fatsar yake fitowa: baya ga kuɗin lasisi, wata dokar tarayya ta 1950 da aka fi sani da Dingell-Johnson ta ɗora harajin kashi goma cikin ɗari a kan kayan fatsa, har da waɗannan 'yan ƙugiyoyi, kuma gwamnatin tarayya na raba kuɗin ga jihohi bisa faɗin kowace jiha da yawan masu lasisin da ke cikinta.