Keke mai giya ɗaya: wane firam ne zai jure hanyoyin Mindif?

Duk wanda ya leƙa wurin masu gyaran keke a Mindif ko Marwa zai ga abu guda yana maimaituwa: kekunan hawan dutse na gwanjo, irin waɗanda aka shigo da su daga Turai, jingine da bango, giyarsu ta tsaya cik. Yashi ya ci haƙoran, wayar canja giya ta tsinke, ƙarfen da ke juya kaca a baya ya lanƙwashe. Kayan gyaransu tsada, wani lokacin ma sai an aika Garwa. Shi ya sa matasa da yawa, har da ɗalibaina da ke zuwa makaranta daga ƙauyuka, suka koma ga dabarar cire duk wannan tarkacen su bar keken da giya ɗaya. Dabara ce mai kyau. Inda ake samun matsala shi ne wajen zaɓen firam, wato ƙashin keken da komai ke ɗaure a jikinsa. Kowa tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wanne ya fi rashin nauyi?" Ni kuma amsata ita ce a fara tambayar wanne mai waldar garinmu zai iya gyarawa in ya tsage.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. In ka cire Haƙorin Mindif da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, babu wani hawa na a zo a gani sai ka nufi yamma wajen duwatsun Mandara, can Mokolo da Rumsiki. Abin da ke wahalar da keke a nan shi ne yashin mayo da rani, taɓon karal da damina, ƙayar aduwa da ta magarya, da gargadar hanya mai girgiza noti har ya kwance. Ga kuma kaya: jarkar ruwa mai lita 20, buhun masakwa, ko ƙane a kan kariya. Daga Mindif zuwa Marwa kimanin kilomita 25 ne. Firam ɗin da ya tsage a tsakiyar wannan tafiya ya bar mutum da turi cikin rana, in ma Allah ya tsare bai faɗi ba.

Shi kansa keken dutse da giya ɗaya ya fara. A shekarun 1970, wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi, kafin Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fito da Stumpjumper a 1981. To ka ga, wanda ya mayar da kekensa giya ɗaya bai ɓata komai ba.

Firam iri huɗu ne ke zuwa kasuwanninmu. Na farko baƙin ƙarfe na gama-gari, irin na Phoenix da Hero da kekunan dutse masu araha. Yana da juriya, amma firam ɗin kaɗai kan kai kilo 3 ko fiye. Na biyu ƙarfen da aka gauraya da sinadaran kuromiyom da molibdenom, wanda za ka ga an manna masa takarda mai rubutun Cr-Mo ko 4130, wani lokaci da sunan kamfanin da ya yi bututun, kamar Tange na Japan ko Reynolds na Ingila. Da yake ya fi ƙarfi, ana yin bututunsa siriri, mai kauri a baki inda ake walda, mara kauri a tsakiya. Nauyinsa tsakanin kilo 2 ne da 2 da rabi. Na uku alminiyom, mai lamba 6061 ko 7005, wanda kan tsaya tsakanin kilo 1 da rabi zuwa 2. Na huɗu kabon, wanda zare ne da aka haɗa da gam, nauyinsa kilo 1 da 'yan kai.

A kan sikeli kabon ne sarki, alminiyom na bi masa. Amma mu yi lissafi irin na aji. Mahayi mai kilo 65, keke mai kilo 12, ruwa da littattafai kilo 8: jimla 85. Bambancin firam ɗin alminiyom da na Cr-Mo bai wuce rabin kilo ba a mafi yawan lokuta, wato ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da ƙafa ke turawa. Gorar ruwa ƙarama ta kai wannan nauyin. A kan hanya mara hawa babu ƙafar da za ta ji shi.

Abin da za a ji shi ne ranar da firam ya tsage. Alminiyom na gajiya a hankali da kowace girgiza, kuma keken gwanjo ya riga ya yi shekaru a hannun wani da ba mu san yadda ya hau shi ba. In ya tsage, waldarsa na buƙatar na'ura mai iskar argon, bayan nan kuma 6061 na son a gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. Wanda aka liƙe ba tare da wannan ba yakan sake tsagewa a gefen waldar. Kabon kuwa dutse ɗaya ya buge shi zai iya raunata shi ta ciki ido bai gani ba, ranar da zai karye kuma ba ya sallama. Ƙarfe ya fi su kara: yakan lanƙwashe kafin ya rabu, ana iya miƙe shi, mai waldar gas kuma zai liƙe shi da farar tagulla ka koma gida a kansa. Abu ɗaya dai, kada a bar mai waldar lantarki ya ɗora wa siririn bututun Cr-Mo wuta irin ta ƙofa da taga, don zai huda shi. Ba banza ba ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta yi kekenta Buffalo da ƙarfe da giya ɗaya don ƙauyukan Afirka, duk da ya haura kilo 20, kariyarsa na ɗaukar kilo 100.

Bayan irin ƙarfen, sai a duba ramin da gatarin tayar baya ke zama. Keke mai giya ɗaya ba shi da abin da ke ja masa kaca, don haka tayar ce ake ja baya har kacar ta yi tauri daidai. Wannan na yiwuwa ne idan ramin dogo ne a kwance, kamar na Phoenix. Yawancin kekunan dutse ramin nasu a tsaye yake, tayar ba ta motsi gaba ko baya. Tsofaffi na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ne aka fi samu da rami mai ɗan tsawo. In ka dace da irinsa, riƙe shi da kyau. In ba ka samu ba, ana iya barin tsohon ƙarfen canja giya a ɗaure shi wuri ɗaya ya riƙa jan kacar, sai dai an bar wa yashi abin ci ke nan.

Ga abin da nake gaya wa duk wanda zai shiga kasuwa. Ya tafi da ɗan maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne, in ya faɗi, alminiyom ne ko kabon. Ya goge ƙura ya duba kowace walda, musamman ƙarƙashin wuyan keke da wajen feda, ko akwai layin tsagewa ko fenti da ya kumbura, alamar an taɓa karo da shi. Ya kwance sandar sirdi ya ga tana fita, don wadda tsatsa ta kama takan kashe firam ɗungurum. Ya zagaya zare daga ramin baya na dama, ta wuya, zuwa na hagu, ya auna tazarar zaren da bututun sirdi a gefe biyun. In sun bambanta, firam ɗin ya karkace. Ya tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, a samu kamar yatsa huɗu tsakaninsa da bututun sama. Ya tabbata akwai huji na ɗaura kariya, da sarari a gefen taya inda taɓon karal zai wuce. Sannan ya zaɓi mai taya inci 26, wadda ake samu a kusan kowace kasuwa, don masu 27.5 da 29 neman tayarsu wahala ce.

Mai son rage nauyi da gaske, ga inda yake. Cire giyoyi da wayoyinsu kaɗai na sauke kusan kilo guda. Fok ɗin gaba mai sifirin, irin mai araha da ya riga ya daskare, ya fi kilo 2. A musanya shi da na ƙarfe zalla an rage wani kilon. Haƙora kuwa, Turawa masu hawan dutse kan sa 32 a gaba da 16 a baya, taya ta juya sau biyu a kowane zagayen feda, kimanin mita 4. A filinmu wannan ya yi sauƙi da yawa, ƙafa za ta yi ta juyawa babu gudu. Haƙori 36 da 16 ya fi dacewa, mai yawan ɗaukar kaya ko ratsa yashi ya sa 18 a baya.

Iyaye masu tara kuɗin auduga ko na albashi don saya wa yaro keken makaranta, kada ƙyallin fenti da sunan kamfani su ruɗe ku. Araha ba ta ado, haka ne, amma tsada ma ba ita ce inganci ba. Tsohon firam na Cr-Mo mai ɗan tabon tsatsa a waje, miƙaƙƙe, mai dogon rami a baya, zai kai yaro ya gama sakandare ya bar wa ƙanensa. Kafin ku biya, ku ɗauki keken ku kai wa mai gyaran unguwarku ya duba, ku tambaye shi ko zai iya gyara shi in ya samu matsala. In ya girgiza kai, ku mayar wa mai shi kayansa.