Idan Adadi Ya Sauya, Wane Irin Sauyi Ne?

Daga Dambatta zuwa Kazaure tafiya ce kaɗan, gona na bin gona. Amma tun 27 ga Agusta 1991, da aka cire Jigawa daga Jihar Kano, mutanen garuruwan biyu ba sa shiga lissafi ɗaya. Ƙidayar 1963 ta ba Lardin Kano kimanin mutum miliyan 5.8, ta 1991 ma haka ta ba Jihar Kano. Ɗalibi zai zaci an daina haihuwa. A'a, ƙasar da aka ƙirga ce ta tsuke (ga kuma zargin aringizo a 1963). Wannan shi ne yankewar jeri.

Gyara daban yake. A Janairun 2007 aka sanar da adadin wucin gadi na ƙidayar 2006: Kano 9,383,682. A 2009 tabbataccen adadi ya fito: 9,401,288. Bambancin ba abin rainawa ba ne, tunda yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗin gwamnati.

Akwai kuma sokewa, wadda gwamnatin Janar Murtala ta yi wa ƙidayar 1973 a 1975. Sokakken adadi ba a kafa hujja da shi.