Kuɗin Ƙari a Wasan Game: Riba ko Asara?

 Yau daga nan Haɗejia zan fara da tona wa kaina asiri.

Bara, lokacin yankan shinkafa, na yi kwana huɗu ina aikin ƙwadago a wata gona da ke fadamar hanyar Auyo. Sauro ya ci rabonsa, baya ya ƙage, aka sallame ni da naira dubu goma sha biyu. A daren nan na zuba kuɗin kaf a wani wasan ƙwallo na waya, ina neman ɗan wasa guda ɗaya da zan riƙa cin abokaina da shi a majalisa. Na buɗe akwati bayan akwati, bai fito ba. Da safe Inna ta ce, "Ina kuɗin aikin? Ƙanwarka na buƙatar takalmin makaranta." Wallahi ban iya ɗaga kai ba.

To, tun ranar nake tambayar kaina: abin da ake kira DLC, wato ƙarin kayan da kake biya ka sauke a kan wasan da kake da shi, ya cancanci kuɗinsa? Amsar ta danganta da irin wanda ka saya, domin kashi uku ne.

Na farko shi ne ƙarin labari. Kamfani ya gina sabon gari, sabbin abokan gaba, sabon aiki. Misali The Witcher 3: a 2016 an fitar masa da ƙari mai suna Blood and Wine, wanda mutum kan yi sama da awa ashirin bai gama ba. Wannan kamar ka sayi littafi na biyu ne bayan ka ji daɗin na farko. Ka san abin da ka biya, ka san abin da za a ba ka.

Na biyu kwalliya ce: riga, fentin bindiga, salon rawa. Su ne ake saye da UC a PUBG Mobile, ko daimon a Free Fire. Tarihinsu ma abin dariya ne. A 2006 masu wasan Oblivion suka sa sulken doki a kasuwa kan dala biyu da rabi, duniya ta yi ta yi musu tsiya. Yau ga shi kowa na saye. Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah ai mun san daɗin doki ya sha ado. Amma ado ba ya ƙara wa doki gudu. In hannunka bai iya harbi ba, rigar zinare ba za ta cece ka ba.

Na uku shi ne wanda ya cinye ni, akwatin sa'a. Ka biya, ba ka san abin da ke ciki ba. In ba ka dace ba, zuciya ta ce ƙara ɗaya dai. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne, har wasu kamfanoni suka daina sayar da su a can. Mu kuwa ba sai an faɗa mana matsayin caca ba.

Sannan akwai kuɗin da ba a rubuta a jikin farashi. Na ɗaya, dala. A 2024 an fitar da ƙarin wasan Elden Ring kan kusan dala 40. A canjin lokacin, wajen naira 1,500 kowace dala, kuɗin ya kai naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne. Abin da yake kuɗin cefanen yini ga ɗan Amurka, a nan kusan albashin wata ne. Na biyu, data, wadda a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari. Ga cajin waya, ga wurin ajiya da ke cika.

Na uku ya fi ciwo: abin ba naka ba ne. Izinin amfani kawai ka saya. A watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe wasan tseren mota The Crew, waɗanda suka saye shi da ƙarinsa suka wayi gari ba sa iya buɗe shi. Mu 'yan bakin kogi mun san yadda ruwa ke shafe gona a dare ɗaya, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. Amma ita gona in ruwa ya janye tana nan. Wannan kuwa in an rufe, shi ke nan.

Yanzu kafin in biya ko sisi, tambaya uku nake yi wa kaina. Na san takamaiman abin da za a ba ni? In na raba kuɗin da awannin da zan more shi, ya fi kuɗin zama a gidan game araha? Kuɗin nan, akwai wanda ke jiransa a gida? Sannan sai in bari a kwana biyu. In har lokacin raina na so, to. Yawanci kafin nan zafin ya huce, kuma ƙarin labari kan yi araha in ka jira lokacin rangwame.

Ban ce kada ka more kuɗinka ba, ɗan'uwa. Ƙarin labari na wasan da kake ƙauna yakan biya kuɗinsa. Kwalliya, in aljihu da rara, ba laifi. Akwatin sa'a kuwa na yi ban kwana da shi. Takalmin ƙanwata sai da na sake komawa fadama kwana uku kafin na saya.

Kai fa, nawa ka taɓa zubawa, kuma me ka samu? Ku faɗa mana gaskiya, ba mai yi wa wani dariya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.